Sabon Mashin Yana Fizga, an Ce Mini "Haka Suke"

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne, ina zaune a Rigasa ta Kaduna, ina koyarwa a wajen Kawo. Wata biyu ke nan da na ci bashi a ƙungiyarmu ta malamai na sayi sabon mashin, na kwali, a gabana aka haɗa shi, ana kuma cire kuɗin daga albashina duk wata. Tun makon farko bai ba ni kwanciyar hankali ba. Da safe sai na daɗe ina buga kik, in kuma na saki cok ya mutu. A cikin cunkoso fizga yake yi, in na tsaya a mahaɗa ya mutu, in na saki totur salansa ta riƙa tas-tas, injin kuma zafi har ina ji a ƙafata. Wani lokaci yakan mutu mini a kan baifas, sai na ɗan huta sannan ya tashi. Yaron da ya haɗa shi ya ce ya matse mini shi ne don kada ya sha mai. Wani bakanike ya ce in bari ya saki jiki, wani ya ce kafireta zan canza. Yayana ya ce haka mashinan yanzu suke, kowa haƙuri yake yi. Abin da ya fi damuna shi ne mai shagon kawun matata ne, har ragi ya yi mini, ina jin nauyin in koma masa da ƙorafi. Me zan yi?

Malamin makaranta daga Rigasa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a abin hawan, ya kuma sauƙaƙa biyan bashin.

Ka koma da shi shagon, cikin wannan makon, kuma kafin ka koma kada ka bari wani bakanike ya ƙara sa masa hannu. Wannan ita ce amsar. Amma na san ba za ka tafi ba sai ka gamsu cewa mashin ɗin ne ba lafiya, ba kai ne mai yawan ƙorafi ba, don haka bari mu fara daga nan.

Yayanka yana da gaskiya a abu ɗaya: mashina da yawa a garin nan haka suke tafiya. Ka tsaya a bakin Kasuwar Barci da yamma ka saurara, za ka ji masu mashin suna ta murɗa totur a tsaye don kada ya mutu musu. Sun saba har hannunsu ke yi ba tare da sun sani ba. To amma yawan masu fama da abu bai mayar da shi lafiya ba. Injin da aka saita daidai yana tsayawa a silo shi kaɗai, ba ka riƙe komai ba, in ka murɗa totur a hankali ya amsa a hankali. Haka kamfani ya ƙera shi, ko na Indiya ne ko na China ko na Japan, ko mai tsada ko mai araha. Araha tana iya sa fenti ya dusashe da wuri, ko roba ta karye, amma ba ta sa sabon inji ya riƙa mutuwa a mahaɗa.

Maganar yaron shagon ita ce ta fi ɗaukar hankalina a duk wasiƙarka, don kusan duk abin da ka lissafa yana komawa gare ta. Injin fetur ba mai zalla yake ƙonawa ba, mai ne gauraye da iska, kuma iskar ta fi yawa nesa ba kusa ba: a ma'aunin nauyi, kusan kashi 14.7 na iska ke tafiya da kashi 1 na fetur. Aikin kafireta shi ne wannan gaurayawar. A cikinta akwai ƙaramin jet, wato ɗan ƙarfe mai ramin da mai ke bi, mai kula da silo da farkon totur, akwai allura mai kula da tsakiya, akwai babban jet mai aiki in an murɗe totur gaba ɗaya. In mai ya yi wa iska yawa, sai baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, mashin ya riƙa shan mai. In mai ya yi kaɗan, sai wahalar tashi da safe, fizga a ƙaramin gudu, tas-tas a salansa, da zafin inji. Ka sake karanta wasiƙarka. Na biyun ka rubuto mini, kusan kalma da kalma.

Akwai ma shaida a hannunka. Cok ba komai yake yi ba illa ƙara yawan mai a cikin cakuɗar. Mashin da ke neman cok da sanyin asuba a watan Disamba ba laifi. Amma wanda ya riga ya yi ɗumi, kuma in ka ɗan ja masa cok sai ka ji ya daidaita, yana gaya maka yunwa yake ji. Ka kuma sa a kwance maka fulogi ka duba bakinsa bayan ka yi tafiya mai ɗan nisa. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. In ya yi baƙi da toka-toka mai laushi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, abin da nake zato ke nan. Ka ɗauki hotonsa da wayarka, zai yi maka amfani gaba.

Wannan matsewar ta yaɗu ne tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Ba na ganin laifin mai mashin da ya nemi a rage masa shan mai, kowa ya san abin da aljihu ke ciki. Laifin da nake gani na hanyar da ake bi ne. Wani ya murɗa sukurun da ke gefen kafireta, wani ya saukar da allura, wani ma ya cusa siririyar waya a cikin jet don ramin ya ƙanƙance. Duk da ka ake yi, ba littafi, ba awo. Sukurun nan ma iri biyu ne: galibi wanda ke ɓangaren iyakilina, wato matacin iska, iska yake sarrafawa, in ka warware shi iska ta ƙaru, wanda kuma ke ɓangaren inji mai yake sarrafawa, in ka warware shi mai ya ƙaru. Yaron da ya koyi "murɗa kaza" a kan wani samfurin zai yi akasin abin da yake nufi a kan wani. Littafin da ya zo cikin kwalin mashin ɗinka, ko na gyara da ke hannun wakilin kamfani, shi ne mai faɗin inda kowane zai tsaya.

Kuma ribar matsewar ƙarya ce. Waɗannan ƙananan injina ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su, sai baƙin mai, sai kuma shi kansa fetur ɗin da ke shiga, wanda yake rage zafin cikin silinda. In ka rage shi fiye da kima, zafi ya hau kan bawul da fistin. A cunkoson Rigasa zuwa Bakin Ruwa, inda mashin ke rarrafe ba iska mai bugun inji, nan ne ɓarnar ta fi yawa. Ɗan abin da ka tsira da shi a gidan mai, wata rana za ka miƙa shi da ninki wajen sayen ringi da fistin. Ba ma tabbas ka tsira da komai, tunda duk mahaɗa sai ka yi ta murɗa totur don kada ya mutu, wannan kuma mai ne yake ƙonewa a tsaye.

In kana son sanin gaskiyar shan mansa, kada ka dogara da "ina jin kamar". Cika tanki fal, ka rubuta lambar da mita ta nuna, ka yi zirga-zirgarka, in ka sake cikawa ka raba nisan da yawan litar da ya ci. Misali, kilomita 200 da lita 4 ya zama kilomita 50 a kowace lita. Mashin mai inji 100 zuwa 125 da ke da lafiya galibi yana wuce kilomita 40 a lita ba tare da an matse masa komai ba.

Bakaniken da ya ce ka bari ya saki jiki ya ɗauki gaskiya ya ajiye ta inda ba wurinta ba. Sabon inji yana buƙatar a lallaɓa shi a farkon tafiyarsa, a kuma juye baƙin mai da wuri. Amma sakin jiki maganar ƙarafan ciki ce su saba da juna, ba ya buɗe jet da aka toshe. Wanda ya ce ka canza kafireta kuwa, shi na fi tsoro. Zai cire maka ta kamfani, wadda wataƙila saiti kawai take nema, ya sa maka wadda ba wanda ya san inda aka ƙera ta, ita kuma taka ta kwana a akwatinsa. Daga ranar da aka yi haka, bakinka ya mutu a wajen mai shago, don zai ce ba yadda ya sayar maka ka dawo da shi ba, kuma ya faɗi gaskiya.

Mutuwar da yake yi a kan baifas ina ganin wata matsala ce daban, kuma mai yiwuwa mafi sauƙi. Murfin tanki yana da ɗan rami da iska ke shiga ta maye gurbin man da ke fita. In ramin ya toshe, mai zai sauka na 'yan mintuna, sannan ya tsaya cak, mashin ya mutu kamar mai ya ƙare. Kana hutawa iska na ɗan shiga, sai ya tashi. In ya sake yi maka, ka gangara gefe ka buɗe murfin nan take. In ka ji "fuu" na shigar iska, ka buga kik ya tashi, ka kama ɓarawon. In ba haka ba, a duba tiyon mai ko ya lanƙwashe lokacin haɗawa, da matacin da ke cikin famfon mai. A kuma duba robar da ta haɗa kafireta da inji, don in ba a ɗaure ta da kyau ba iska na satar hanya ta nan, alamunta kuma daidai suke da na matsewa. Sai bawul: a sabis na farko ya kamata a auna tazararsa, don wanda ya matse yana sa inji mutuwa in ya yi zafi. An auna naka? Yawancin abin da ake kira sabis a bakin titi juye baƙin mai ne da ɗaure sarƙa.

Duk waɗannan aikin haɗawa ne. Mashin na zuwa a kwali rabi a haɗe, yaran shago su ƙarasa a bakin titi, ana yi ana gaggawa don mai saye na tsaye yana jiran makulli. A ƙa'ida, bayan haɗawa akwai duban da dila zai yi kafin ya miƙa wa mai saye: a tayar, a bari ya yi ɗumi, a saita silo, a hau a zaga. Mu kuwa da an ji ya yi ƙara sai a ce Allah ya sa alheri, a yage leda.

Kada ka yi mamaki in ka je shagon aka ce man da kake sha ne. Wannan amsar kowa ya iya ta, wani lokaci kuma gaskiya ce. Ba mu manta watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kamfanin mai na ƙasa da kansa ya tabbatar, aka janye shi daga kasuwa, layi ya dawo gidajen mai. Sai dai irin wannan ba kullum ba ne. Abin da ya fi yawa shi ne ruwa da datti. Mutane na yawan cewa an haɗa da kananzir, amma shekarun nan kananzir ya fi fetur tsada, wanda zai yi algus da shi asara zai yi. Ruwa kuwa kyauta ne, kuma yana shiga ko ba da mugun nufi ba: tankin gidan mai na ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar damina, jarkar 'yan bumburutu da aka bari a buɗe, mai wanki da ya feshe murfin tanki da ruwa mai ƙarfi. Ka rufe wannan ƙofar tun kafin a buɗe maka ita. A ƙasan kafireta akwai sukurun tsiyayewa. Ka sa a warware shi a tara abin da ya fito a cikin kwalba mai haske, a ajiye ta 'yan mintuna. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa. Wannan ba gyara ba ne, dubawa ce, ba za ta taɓa maka garanti ba. In mai ya fito tas, ka tafi da kwalbar. In akwai ruwa, a juye tankin, ka canza gidan mai, ka ga abin da ya rage na matsalar. Ina da yaƙinin wani abu zai rage, don ruwa ba ya farawa tun makon farko ya kuma zauna wata biyu a hali ɗaya.

Da a ce da hunturu ka rubuto, da na fara tambayarka iyakilina, don ƙurar Janairu tana toshe sosonsa. Amma toshewar iyakilina baƙin hayaƙi take kawowa da shan mai, akasin naka.

Yanzu "haka suke". Wannan kalmar ta fi kowace waya da aka cusa a jet ɓarna, kuma mu masu saye ne ke faɗinta, ba masu sayarwa ba. Mutumin da zai je Zangon Tudun Wada sayen ragon layya, ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya sa a kora shi ya ga ko yana ɗingishi, ya fasa ciniki saboda tsagar kunne, shi ne zai sayi mashin da ya ninka ragon a kuɗi, ya ga yana fizga, ya ce haka suke. Dila kuma ɗan kasuwa ne. In mutum goma suka saya ba wanda ya dawo, a wajensa kayan lafiya lau ne, haɗawar yaransa ma lafiya lau. Babban dilan da ya ba shi kaya ba zai ji komai ba, balle kamfanin da ke can wata ƙasa.

Kamfanoni kuwa suna canza kaya in an matsa musu, ko in sun ga dalili. Honda ta fito da CG125 a 1975 bayan mutanenta sun zaga ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lodi da yadda ba a damu da sabis ba, suka ƙera injin da zai jure wannan. A Indiya, inda Bajaj da TVS da Hero suke, gwamnati ta kafa sabuwar dokar hayaƙi daga 1 ga Afrilu 2020, cikin ɗan lokaci yawancin mashinan da ake sayarwa a can suka bar kafireta suka koma masu feshin mai da 'yar kwamfuta ke sarrafawa. Namu da ake kawowa galibi masu kafireta ne har yanzu, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin raini ba: kafireta tana jure irin manmu, bakanike a Birnin Gwari ko Soba zai iya kwance ta da sukundireba. Masu feshin ma ba aljanna ba ne. A Turai masu manyan mashina masu tsada suna kuka da fizga a ƙaramin gudu, saboda an rage musu mai daga kamfani don su ci jarrabawar hayaƙi, wasu su biya kuɗi a sake musu saiti, wasu su ce haka suke. Cutar ba tamu kaɗai ba ce. Bambancin kawai, naka da sukundireba da rabin awa za a iya warkar da shi, in an yi da wuri.

Sai maganar kawu, wadda na san ita ce ainihin dalilin rubuto wasiƙar.

Kana ɗaukar komawa shagon a matsayin tuhuma. Ni ban ga tuhuma ba. Da wuya a ce shi ya ɗauki sukundireba, yaronsa ne, kuma yaron ma alheri ya nufa. Mai yiwuwa kawun bai ma san ana yi wa masu saye wannan "taimakon" ba. Ka yi tunanin mashin nawa suka fita daga shagon a matse, da masu su nawa ke zagin kayansa a majalisa ba tare da sun zo sun gaya masa ba. In kai da kake surukin gidan ba ka faɗa masa ba, wa zai faɗa? Ragin da ya yi maka a kan farashi ya yi shi, don zumunci, Allah ya saka masa. Bai ce maka ga mai aibi ka karɓa a rage ba. Da ya faɗa ka yarda, da magana ta ƙare. A shari'a wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba yana da zaɓin mayarwa, malaman fiƙihu sun yi wannan babin tun da daɗewa, kuma kowane ɗan kasuwa da ya zauna gaban malami ya ji hadisin tarin abincin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a ciki ya ji danshi a ƙasa. Ba ina cewa ka je ka karanta masa ba, kada ka soma. Ina faɗa ne don ka san abin da za ka nema halak ɗinka ne, ba roƙo ba.

Ka je da kanka. Kada ka aiki matarka, kada ka bi ta wajen surukarka, don da zarar magana ta bi ta cikin gida ta daina zama maganar mashin. Ka dai sanar da matarka kafin ka tafi, don kada ta ji a bakin wani. Ka zaɓi lokacin da shago ba cika, da safe kafin kasuwa ta buɗe sosai. Ka gaishe shi yadda ka saba, a zauna, sannan ka ce, "Kawu, mashin ɗin nan ne na kawo ku sa a duba mini. Tun fitarsa yake fizga yana mutuwa, yaron ya ce ya matse shi, ni kuma ban bari an gyara komai ba, na ce sai kun gani." Wannan jimlar ta ƙarshe girmamawa ce, kuma ita ce kariyarka. Ka bar shi ya tayar da kansa, ko ya sa yaro ya hau ya zaga. Fizgar za ta yi maka magana.

Abin da za ka nema a bayyane yake: a mayar da kafireta saitin kamfani, a duba ko an sa wani abu a jet ko an taɓa allura, a duba robar wuya da murfin tanki, a auna bawul. Ka tsaya a wurin ana yi. In za a wanke jet, da fetur da iska ake yi, ba da allurar ɗinki ko waya ba, don tagulla ce mai laushi, tsokaci ɗaya ya faɗaɗa ramin, ka tashi daga mai yunwa ka koma mai haɗama. Ka kuma tambayi takardar garanti, ka duba rasiɗinka ko an rubuta lambar inji da ta bodi. Mutane da yawa don kunyar dangi ba sa karɓar rasiɗi, in kana cikinsu ka nema yanzu, ka ce ƙungiyarku ce ke buƙata don fayil ɗin bashi, wanda ma ya kamata a ce tana da shi. In kayan da ya lalace na garanti ne, ba daga aljihun kawu zai fita ba, sama zai tura. Jinkirinka ne zai iya jawo masa asara, don in wa'adin ya wuce ba shi da inda zai kai kuka.

To in ya ce haka suke fa? Nan sai ka auna. In saiti ne kawai, ka yi godiya ka tashi, ka nemi wurin gyara na wakilin kamfanin ko bakanike mai aiki da littafi, ka biya, ka riƙe zumuncinka. Ba zan ce ka kai kawun matarka ƙara a kan murɗa sukuru ba. Amma in an duba an ga wata biyun nan ya riga ya yi ɓarna, yana shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, ko kik ya yi laushi ba ƙarfi, to wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma kai ne za ka yi ta biyan bashin injin da ya tsufa tun yana sabo. Nan ka nemi dattijo ɗaya da yake jin maganarsa, ko shugaban ƙungiyar dillalan layinsu, a zauna. Yawancin irin wannan a nan yake ƙarewa. Ka dai sani cewa bayan wannan akwai doka: dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi a gyara, a musanya, ko a maido da kuɗi, kuma rubuta "ba a mayar da kaya" a ƙasan rasiɗi bai soke wannan ba. Ba lallai ka kai can ba, amma mai zama a teburin sulhu yana sane da haƙƙinsa ba ya magana irin ta mai neman alfarma. Facebook kuwa ka bar shi kwata-kwata, abin da ka rubuta a can dangin matarka za su karanta kafin kawu ya gani.

Yayanka ba sai ka yi masa gardama ba. In an gyara, ka ba shi ya hau daga Rigasa zuwa tashar jirgin ƙasa ya dawo, wataƙila nasa ma ya samu shiga.

Kafin a gyara, ka bar bin baifas, wato titin Nnamdi Azikiwe, da shi. Mashin da zai iya mutuwa a gaban tirela ba abin gwaji ba ne, kuma mai tirela ba zai iya tsayawa a inda kai za ka tsaya ba. Ka bi ta cikin gari ko da za ka ƙara fita da wuri, kada ka ɗauki iyali a kai, in kuma ka ji zafin inji ya kai ƙafarka a cunkoso, ka gangara ka kashe shi ya huce. Ranar da za ka je shagon ka tafi da rasiɗi, littafin mashin, hoton fulogin, da kwalbar man.